Inna Ba Ta Magana a Gaban Ɗan Farinta

Ni ne na yi kuskure, ba asibiti ba, ba kuma matar da ta yi wa Innata aiki ba. Na fara da haka don kada mai karatu ya yi ta neman mai laifi har ƙarshe. Sunana Lawan. Noma nake yi a wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci, ina kuma sayar da taki da irin shuka ranar kasuwa. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba. Na rubuta wannan ne saboda wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya shiga gidansa, kada ya yi abin da na yi.

Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, a can na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cin abinci a gabana, ba ta haɗa ido da ni. In tana son in san wani abu, sai ta dubi Binta, autarmu, ta ce, "Ki ce wa yayanku rumbu yana yoyo," alhali ga ni tsaye a wurin. Ban ga laifinta ba, haka ta tarar ana yi. Amma ba zan ɓoye ba, tun ina yaro abin yana ci mini rai, musamman in na ga Binta ta kwanta a kan cinyarta suna hira.

Da kaka abin ya faru, ana tsakiyar roron wake. Inna tana da hawan jini tun bayan rasuwar Baba. An ba ta ƙwayoyi, da ta ji sauƙi ta daina sha, ta ce ba ta son jikinta ya saba da magani. Na sani, ban matsa ba. Ranar da hantsi tana dama fura, ludayi ya suɓuce daga hannunta. Binta, wadda aurenta yake nan cikin ƙauye kuma kullum tana gidan, ta ga bakinta ya karkace. Ta ce, "Inna, lafiya?" Inna ta buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "To. To. To."

Kafin a kira ni daga gona gida ya cika. Kawu Sale, yayan Inna, ya ce iska ce ta buge ta, ai ya sha hana ta bi ta gindin tsamiyar nan da rana tsaka. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, wata maƙwabciya ta kawo man shafawa. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, ban ce ba. Amma kwanaki muka ɓata a haka, hannun dama da ƙafar dama suna nan kamar ba nata ba, kafin na yi shatar mota zuwa Kano.

Ba zan ja labarin babban asibiti ba. Layin kati daban, layin ganin likita daban, hoton kai kuma a wani gini, sai ka biya a can ka dawo nan da rasit a ce maka mai ɗauka ya tafi salla. Na sayar da tunkiya, na sayar da gyaɗar da na so in ajiye har ta yi daraja. Akwai wata nas mai jiki da ta riƙa juya Inna da hannunta tana ce mata "Hajiyata", Allah ya saka mata, ban ma san sunanta ba. Likitan da ya duba hoton ya ce jini ne ya toshe a ɓangaren da magana take. Ya faɗi wata magana da har yau take kunnena: "Wannan ciwo, awannin farko su ne komai." Mu kuwa mun kashe su a kan hayaƙi.

Akwai abin da dole in faɗa, don shi ne tushen laifina. A jinyar nan ne karon farko da girmana na taɓa jikin uwata. Ni nake ɗaga ta daga gado, ni nake goya ta zuwa mota. Ba ta da ikon kauce mini. Ina baƙin cikin ciwon, amma can cikin raina akwai wani daɗi da nake ji, cewa yau ga ni kusa da ita, ba sai an aiko Binta ba.

Da aka sallame mu, aka tura mu wani ƙaramin asibiti da ya fi kusa da mu, inda ake gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, aka ce kuma akwai likitar magana. Ban taɓa jin akwai irin wannan aiki ba. Sunanta Malama Rukayya, siririya, ba za ta wuce sa'ar matata ba. Daga Kano take shigo motar haya, Litinin da Alhamis, sauran ranakun tana wasu wurare. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda. A cikin jakarta babu allura ko ƙwaya, sai madubi, ludayi, maburgi, carbi, sabulu, da ƙaramar ƙwarya.

A layinta akwai wani tsohon direba wanda duk magana ta tafi masa, ashariya kaɗai ta rage. Ana gaishe shi sai ya auna wa mutum ita da fara'a. Matarsa ta dubi Inna ta ce, "Ke kam kin dace, 'to' aka bar miki. Ni da salati aka bar wa wannan da na yi sadaka." Har Inna sai da gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

Ranar farko da Kawu Sale muka je. Malama Rukayya ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce mana ita ba likita ba ce, mai koya wa harshe da maƙogwaro komawa aiki ce. Ta ba Inna ruwa a cokali, ta ɗora yatsu a wuyanta. Inna ta ƙware, ta yi ta tari.

"A kwance kuke ba ta ruwa?" ta tambaya.

Muka ce e.

"Daga yau sai a zaune, a miƙe. Kuma komai da kauri. Ruwa tsarara yana bi mata ta hanyar numfashi, in ya taru a huhu shi ne zai kayar da ita, ba shanyewar ba."

Kawu ya ɓata rai. "To rubutun fa? Shi ma za ki hana?"

"Wane ni, Kawu? Ni ma da shi aka raine ni. A dama shi cikin kunu mai kauri, ta sha da cokali."

Kawu ya gyara hula ya ce, "Ashe dai 'yar gida ce."

Kafin mu fita ta ƙara da cewa, "Ku ji gaskiya. Ni aikin kwantiragi nake yi a nan. 'Yan watanni ake ba ni, in sun ƙare shugaban asibiti ne zai ce a sabunta ko a bari. Maganar mai irin ciwon Inna kuma a watannin farko ta fi saurin dawowa. Don Allah kada ku yi fashi." Na ji wannan da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

Makonnin farko tarin ya ragu, Inna ta fara cin tuwo mai laushi, ƙafar ma ta fara ja. Magana ce dai babu. Kullum ni da Binta muke kai ta, ni kuma in ja kujera in zauna daf da ita. Malama ta ɗaga ludayi ta ce, "Inna, mene ne wannan?" Inna ta sunkuyar da kai. Shirun ya dame ni, sai in ce, "Ludayi ne."

"Malam Lawan, na san kai ka san ludayi," in ji ta tana dariya. "Ka ba ta lokaci."

Haka nake yi a gida. 'Yan dubiya su ce, "Inna, yaya jiki?" kafin ta motsa baki na ce, "Da sauƙi, ta gode." A ganina ina rufa mata asiri ne. Abin da ya fi ƙona ni shi ne in Malama ta riƙe madubi ta ce Inna ta zaro harshe, ta kai shi dama, ta kai shi hagu. Inna sai ta ja mayafi ta rufe baki. Na ce a raina, ka ga, ita ma ba ta son wannan wasan yara.

Wata Alhamis wani mai sayen taki ya kira ni a waya, na fita baranda muka daɗe muna ciniki. Da na dawo na tarar Binta tana share hawaye tana dariya.

"Yaya, ta ce ruwa! Wallahi ta ce ruwa, ta ce carbi!"

Na durƙusa a gaban Inna. "Inna, ki sake faɗa in ji."

Ta kawar da kai gefen bango. "To," ta ce.

Malama Rukayya ta dube ni, ta dubi Inna. Sannan ta ce, "Malam Lawan, kai ne ɗan fari?"

Na ce ni ne.

"Kash. Laifina ne da ban tambaya tun farko ba. Matar da ba ta cin abinci a gabanka, ina za ta zaro harshe kana kallo? Ina za ta yarda ta yi in'ina a gabanka? Ka taimake ni, daga yau ka riƙa jira a waje, Binta ta zauna. A gida ma in za su yi aikin da na ba su, ka ba su wuri."

Da ladabi ta faɗa, har da rage murya. Amma ni abin da na ji shi ne an sake ɗauka ta an mayar gidan kaka. Ni da na sayar da tunkiya, ni da na goya ta a bayana, yau wata yarinya daga birni za ta ce in fita, auta ta zauna. Na ce, "Uwata ce." Ta ce, "Shi ya sa." Na sunkuci Inna na kai ta mota, ban ko yi sallama ba.

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Litinin ta zagayo na tafi ni kaɗai, na nemi shugaban asibitin a ofishinsa. Na ce ma'aikaciyarsa tana wulaƙanta tsofaffi, tana sa su zaro harshe kamar yara. Na ce ta kore ni daga wurin uwata. Na ce mun yi makonni muna kashe kuɗin mota ba mu ga ko kalma ɗaya ba. Wannan ta ƙarshen na san ba haka ba ne, Binta ta rantse a gabana. Mutumin ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce ya ji, zai duba. Na fito ina jin na ƙwato wa uwata mutunci. Na hana a sake kai ta wurin magana, gashi kaɗai na bari, shi ma na mayar da shi ranar da Malama ba ta zuwa.

Binta ta yi magana har ta gaji. "Yaya, in ba ka nan tana faɗin abubuwa." Na ce, "Ke dai kina kare likitarku. In tana magana, me ya sa ni ban taɓa ji ba?" Ta ce, "Da can da lafiyarta ta taɓa yi maka magana?" Na ce ta kama bakinta. Kawu Sale ma ya ce, "Lawan, yarinyar nan fa ta san aikinta." Na ce shi da ya ce iska ce, yanzu kuma ya zama ɗan asibiti. Allah ya yafe mini wannan ma.

Haka muka shiga rani. Wata rana na tafi kasuwar Bici, babur ya yi faci tun ban yi nisa ba, na turo shi na dawo gida da hantsi, ba wanda ya ji shigowata. Ina cikin zaure sai na ji murya daga tsakar gida, mai nauyi, tana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Mi... miƙo... bu... buta."

"Wacce, Inna? Ja ko shuɗiya?"

Shiru mai tsawo. Binta ba ta taya ta ba. Ni a zaure har na buɗe baki.

"Ja."

"Yauwa Innata! Wa ya zo jiya?"

"Sa... Sale. Surutu."

Binta ta fashe da dariya, Inna ma na ji tana yi. Na jingina da bangon zaure. Na daɗe ina saurare. Daga baya na yi gyaran murya na yi sallama. Kafin in ƙarasa tsakar gida Inna ta ja mayafi ta sunkuya. Na ce, "Sannu Inna." Ta ce, "To."

A ranar Binta ta gaya mini cewa Malama Rukayya ce ta riƙa kiranta a waya, da katin wayarta, tana gaya mata abin da za su yi, tana cewa ta jira Inna, kada ta amsa a madadinta. Amma Malama ta ce waya ba ta isa ba, sai ta ga bakin da idonta, kuma Inna ta tsaya a gajerun kalmomi ta kasa wucewa.

Alhamis na ɗauki Inna da Binta muka koma. Ɗakin ƙarshen baranda a buɗe yake, an cika shi da kwalaye da karyayyun kujeru. Matar tsohon direban nan na gani a layin gashi. Ta ce, "Ai ba a sabunta wa Malama kwantiragi ba. An ce wani ne ya kai ƙara. Allah ya isa, mijina har ya fara cewa ina kwana." Ba ta san da wa take magana ba.

Na shiga wurin shugaban na ce na zo in janye maganata, ƙarya na haɗa a ciki. Ya ce ba ƙarata kaɗai ba ce, dama ana neman inda za a rage kashe kuɗi, sai tawa ta zo a daidai. Ya ce yanzu an riga an rufe, ba abin da zai iya. A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Yaya za a ce aikin da ke mayar wa mutum da bakinsa a riƙe shi da zare haka, har fushin manomi ɗaya ya isa ya tsinka shi? Duk yankinmu ba wata sai ita. Amma ƙorafin nan ba ya wanke ni. Ni na san zaren siriri ne, ita da kanta ta gaya mini, kuma na ja.

Na yi makonni ina juya abin, kunya ta hana ni kiranta. Wata safiya na shiga gaida Inna, tana zaune a kan tabarma, Binta tana taje mata kai. Na gaishe ta na juya zan fita. Sai na ji ta ce, "Binta."

Na tsaya cak, bayana gare su.

"Ki ce... ya... yayanku..." Ta tsaya. Na ji tana kokawa da numfashi. Kalmomi goma suka zo bakina, na danne su da haƙora. Wannan ne karon farko da na jira ta. "Ya je. Ma... Malama. Ya je."

Binta ta ce, "Yaya, Inna ta ce ka je."

Na ce, "Na ji." Duk rayuwata wannan hanyar aikon nake jin haushi. Ranar kuwa ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

Bari in faɗi inda muke yanzu, don mai jinya ya sani. Malama Rukayya ta sami wani kwantiragin a wani asibiti wajen Tofa, bayan ta yi watanni a zaune ba albashi. Nisa ya ƙaru, kuɗin mota ya ninka, ba ma iya zuwa kowane mako. Inna tana haɗa gajerun jimloli, tana karanta Fatiha ba tuntuɓe, tana faɗa da jikoki. Hannun dama bai dawo ba. Malama ta ce da ba a yi wancan fashin ba wataƙila da ta fi haka, wataƙila kuma a'a, Allah ne masani. In mun je, ina kai su bakin ƙofa in koma gindin wata darbejiya in zauna. Wanda ciwon nan ya same shi a gida, ya tafi asibiti a ranar, kada a ba mara lafiya ruwa a kwance, kada a amsa tambaya a madadinsa. Kuma a duba wa yake jin kunya.

Amma ranar farko ni kaɗai na je Tofa. Na bi layi kamar mara lafiya, har aka zo kaina. Ta ɗago ta gan ni, ludayin nan yana hannunta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam Lawan, yaya Inna? Tana ƙwarewa har yanzu?"

Ta nuna mini kujera, ban zauna ba. Na cire hula, na durƙusa a kan siminti, ga nas a tsaye, ga ƙofa a buɗe mutanen layi suna kallo. Na ce:

"Malama, ni ne na kai ƙararki. Na ce kin wulaƙanta uwata, ba ki yi ba. Na ce ba ta faɗi ko kalma ɗaya ba, alhali na san ta faɗa. Ba don Inna na yi ba, don kaina na yi, saboda kin ce in fita kuma ina so in zauna kusa da ita. Na raba ki da abincinki, na raba mutane da ke, na ci wa uwata watannin da ba za su dawo ba. Ba ni da abin biyan ko ɗaya. Inna ce ta ce in zo, da bakinta ta faɗa, bakin da kika buɗe. Ki yafe mini don Allah. In kin yarda in kawo ta, a waje zan jira."